Gaba Biyu da Rabi

Salamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na ga saƙonninku, masu tambayar kalar anko da masu cewa in turo hoton akwatuna. Ku yi haƙuri, yau ba labarin lefe na kawo muku ba. Wanda bai san ni ba, sunana Raudha, 'yar Fagge, ina digiri na biyu a fannin ruwa da muhalli. A katin gayyata an rubuta ɗaurin aurena da Abdurra'uf nan da kwana goma sha bakwai. Abin da zan faɗa ban taɓa jera wa kowa shi ba. Idan kun ji ina zagin kaina a tsakiya, ku ƙyale ni, na cancanta.

Bayan gidanmu akwai kududdufi. Kududdufin Gwaggo ake ce masa, kuma ba wanda ya san ko gwaggon wa. Kakanni ne suka haƙa shi suna ɗibar ƙasar gini, ruwa ya zo ya zauna. Ta tagar ɗakina ba a ganin ruwan ma, kainuwa ta rufe shi ruf, balbelu na yawo a gefe, da damina kuwa kwaɗi ba sa barin mutum ya ji ƙarar wayarsa. 'Yan unguwa ba abin da suke gani a cikinsa sai sauro da wari. Ni ma haka nake har na shiga jami'a na gane aikin da yake yi. Duk ruwan da ya sauko daga kwanon unguwa uku, shi yake fara shanyewa, ya riƙe, sannan ya dinga sakinsa kaɗan-kaɗan ta wata kwata da ta bi ƙarƙashin titi, ta ratsa gefen Sabon Gari, ta faɗa kogin Jakara. Randa ce babba, ba wani abu ba. In ta cika, ragowar ruwan mutanen gangare yake samu.

A kansa na yi bincikena. Abin da muke ce wa model a makaranta lissafi ne a kwamfuta. Ka ba ta faɗin kududdufi, da zurfinsa, da gangaren ƙasa, da yawan ruwan sama, ita kuma ta zana maka taswira ta nuna inda ruwa zai kwanta. Shuɗi lafiya, ja haɗari. Faɗi na samo daga hoton tauraron ɗan'adam. Ruwan sama na samo na shekara talatin. Zurfi ne ya rage, kuma malamina da bakinsa ya ce min:

"Raudha, ki samu doguwar gora da wanda zai shiga ruwa, ki tsaya a kansa ya auna miki wuri goma sha biyu. Kada ki karɓi zurfi daga bakin kowa."

Da na kawo maganar gida, Umma tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke? A bakin kududdufi da gora, kamar mai kaɗo mangwaro? 'Yar Malam Maje, ana maganar aurenki, a ce an gan ki tsugune cikin bola? Sai dai bayan raina."

Abba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa yana jinmu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa, ya yi hedimasta, rabin magidantan unguwarmu sun sha bulalarsa. Ba a musu da shi, a gida ko a waje. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Mamana, zo nan. Me za ki auna? Gaba biyu da rabi ne."

Ya ware hannayensa biyu, daga yatsa zuwa yatsa, yadda masu haƙar rijiya suke awo.

"Shekarar da na fara koyarwa, saniyar wani mahauci ta faɗa ciki. Da ni aka zura igiyar guga da dutse a tsakiyarsa. Da hannun nan na auna igiyar. Rubuta."

Na rubuta. Na mai da gaba biyu da rabi mita huɗu da rabi. A takardar akwai gurbin da ake tambaya: an auna, ko an ƙiyasta? Na ɗan tsaya, sannan na rubuta "an auna". Na ce a raina ai ba ƙarya na yi ba, an auna ɗin, Abba ya auna. Abin da ban tambayi kaina ba, don tsabar shashanci, shi ne yaushe. Shekara arba'in da biyu ke nan unguwa uku suna juye shara a ramin nan. Har da sharar gidanmu, wadda ni da hannuna nake watsawa ta kan katanga tun ina 'yar shekara bakwai.

To da a makaranta abin ya tsaya, da da sauƙi.

Abdurra'uf ni na zaɓe shi, kada ma wani ya ce an yi min dole. Shekara uku muna tare. Mutum ne mai sanyin magana, mai son farar shadda, wanda zai baro kasuwar Singa da rana tsaka ya kawo min gurasa makaranta don kawai na ce ina sha'awa. Alhajinsu babban dila ne na kayan masarufi, kullum kukansa wurin ajiya. Ya samu takardun gefen gabas na kududdufin, yana so ya cike kashi ɗaya cikin uku ya gina sito. Ofishin da ke ba da izini suka ce sai ya kawo rahoton cewa cikon ba zai cuci kowa ba.

"Ga gwana a gida," in ji Abdurra'uf yana murmushin nan nasa, "me zai kai mu waje?"

Kaina ya kumbura, wallahi. Na zauna na cike kashi ɗaya cikin uku a kwamfuta, na sakar masa ruwan sama mafi ƙarfi. Taswira ta fito shuɗi shar. Wani mai lasisi ya ɗora sa hannunsa a kan alƙalumana, izini ya fito. Da wasu maƙwabta suka fara ƙunƙuni, Abba ya miƙe a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce: "'Yata ta yi lissafi, ni na ba ta zurfin. Wanda yake da ja ya zo ya same ni." Ba wanda ya zo. Tifofi suka fara shigowa da jar ƙasa.

Wata ranar Alhamis cikin watan Agusta, Abdurra'uf ya zo zance da wuri ya ce in zo in ga aikina. Na sa atamfa mai ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, muka zagaya muka tsaya a jikin motarsa daga nesa. An gama cikon, ana daddaɓewa. Ana so a ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan don a kafa turaku. Wani dattijon lebura ya cire riga, ya ɗora ƙullin igiyar a ka, ya shiga ruwa yana ture kainuwa da hannu.

Ina jira in ga ya fara iyo. Ya ci gaba da tafiya. Ruwa ya zo masa gwiwa, ya zo ƙugu. Ya kai tsakiya, daidai inda saniyar mahauci ta nutse, ya tsaya ya waiwayo yana yi wa abokan aikinsa tsiya. Ruwan iya ƙirjinsa.

Nan take na gane. Da ya fito na manta da wata kunya, na matsa na ce:

"Baba, sannu da aiki. Nan da kuka tsaya, nan ne tsakiya?"

"Nan ne, Hajiya. Ai ba ruwa a ciki, kainuwa ce take ruɗar mutane. Ƙasan duk leda ce da taɓo."

Ban san yadda na yi sallama da Abdurra'uf ba. Na faɗa ɗaki da mayafina a ka, na buɗe kwamfuta, na goge huɗu da rabi na sa ɗaya da 'yan kai. Na danna. Taswirar ta fito, ja ya malale daga bakin kwata ya tsallaka titi ya kwanta a wani layi guda a Sabon Gari. Lissafin ya ce idan aka yi ruwa irin wanda ake yi duk shekara biyu ko uku, minti arba'in ya isa.

Na san layin. Na fi sanin sa da wasu lungunan Fagge.

Can ne gidan su Ifunanya, ƙawata tun ajin farko a jami'a. Mahaifiyarta, Mama Agnes, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana, sana'arta suyar cincin da kek na biki. Mahaifinta, Papa Nwabueze, ya fi shekara talatin yana gyaran keken ɗinki a wajen Bata, har ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu da suka wuce. Ba ya tashi, ba ya magana sai da ido. Gidan tsohon gini ne. Duk lokacin da aka gyara titi sai a ɗaga shi, har ya zama sai ka sauka matakala uku kafin ka shiga ɗakinsu.

Na ɗauki hoton taswirar na tura wa Abdurra'uf.

"Na yi kuskure. Zurfin ba haka yake ba. Dubi jan nan, layin su Ifunanya ne."

Ya gani. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa. Dole a koma ofishin nan gobe. A kwashe ƙasar, ko a gaya wa mutanen layin."

"Raudha, ƙasar tifa ɗari ba a kwashe ta a mako guda. Kina faɗa za su soke izinin. Alhaji zai ce gidanku sun yaudare shi. Kin san shi."

"To a bar mutane a bakin ruwa?"

"Ruwa nawa aka yi bana? Me ya faru?"

"Lokacin ba a gama cikon ba! Kuma yanzu ƙasa ta ƙoshi, ba ta shan komai."

"Ki ba ni mako huɗu. A sha biki, ni da kaina zan sa a yashe kwatar a faɗaɗa ta. Na yi miki alkawari. Don Allah, Raudhata."

Ya haɗa da hoton zuciya. Na kife wayar.

Washegari na samu Umma a kicin na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta tura ƙofa.

"Yanzu so kike ki fita duniya ki ce ubanki maƙaryaci ne?"

"Umma, ba ƙarya ya yi ba. Da can haka yake. Shara ce ta..."

"Wa zai tsaya jin wannan? A ƙofar masallaci ya tsaya ya daki ƙirji saboda ke. Mutumin da hawan jini yake neman kayarwa. Asabar ta sama za a kawo lefenki, na gaya wa dangi na kusa da na nesa. Ita kwamfutar Allah ce? Jiya ta ce shuɗi, yau ta ce ja, gobe ta ce kore. Ki bar kaza cikin gashinta, Raudha. Ban yafe ba in kika tayar masa da hankali."

Duk da haka na gwada. Ranar Lahadi na kai wa Abba furarsa, na durƙusa na ƙi tashi.

"Mamana, da magana?"

"Abba, zurfin nan na kududdufi... da za a sake aunawa..."

Ya yi dariya yana juya ludayi. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ko kin fara shakkar tsohonki ne, 'yar boko?"

Wasa yake min. Fuskarsa cike da alfahari da ni. Kalma biyar kawai ta rage in faɗa, sai na ji bakina ya ce, "A'a, Abba." Na ɗauki tire na fita.

Ranar Laraba na ce to bari in je in gaya wa su Ifunanya, ko ba komai su kwashe Papa su kai shi gidan ɗan'uwansa. Na hau a-daidaita-sahu ina haddace abin da zan ce. Na sauka matakala ukun nan ina ƙirga su da ƙafata. Ƙamshin suya ya tare ni. Mama Agnes tana gaban kasko, ɗaurin ƙirji a kan riga, gumi na zuba, ga manyan robobi biyu cike da cincin.

"Amarya! Kin zo leƙen asiri? Na tukwicin lefenki ne wannan, kuma kada uwarki ta kuskura ta yi min maganar biya. 'Yata ce take aure."

Ifunanya ta cusa min cincin mai zafi a baki. Na leƙa ɗaki in gai da Papa. Yana kwance a katifa a ƙasa, kusa da tsohon keken ɗinkinsa da suka ƙi sayarwa. Ya ɗaga min yatsu biyu na hannunsa mai lafiya, gaisuwarmu ke nan kullum. Na auna da ido. Daga ƙasa zuwa hancinsa bai kai taƙi biyu ba.

"Mama," na ce, "da kun mai da Papa kan gado. Damina ce."

"Sau biyu yana faɗowa, 'yata. Ƙasan ya fi masa. Kuma ruwa bai taɓa wuce matakala ta farko ba, shekara talatin muna nan. Kududdufinku na Fagge yana tare mana." Ta yi dariya. "Ba ke ce malamar ruwa ba? Ifunanya ta ce ke kika duba kika ce lafiya lau."

Ga ƙofa an buɗe min har bango. Na dubi robobin cincin, na dubi fuskarta. Na tuna Umma, na tuna mako huɗun Abdurra'uf, na ce a raina wataƙila ba za a yi babban ruwa ba. Jama'a, murmushi na yi. Na karɓi ƙullin cincin a leda na hau matakala na tafi gida.

Daga ranar na zama mai duban sama. Ina tashi, gabas nake fara kallo. Alhamis aka yi yayyafi, na yi ta salati har ya ɗauke. Juma'a rana ta ƙwalle, na ce Alhamdulillahi.

Asabar aka tashi da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Gida ya cika da gwaggonni da innoni, an shimfiɗa sabon kafet a falo, turaren wuta har lungu. Amarya ba ta fitowa ranar lefe, don haka ina ɗakina cikin doguwar riga ruwan hoda, Ifunanya na zaune a bakin gado tana ba ni rahoto ta labule. Wajen ƙarfe uku dangin Abdurra'uf suka iso da guɗa. Mama Agnes ta riga su da kaɗan, ta sha leshi da gwaggwaro, ta kawo kek ɗin da hannunta, Umma ta riƙe ta ta ce ba inda za ta sai an buɗe akwatuna.

Ana buɗe na biyu gari ya yi duhu. Iska ta bugo tagata. Na leƙa na ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Na dubi waya, uku da minti ashirin. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Na tura wa Abdurra'uf: "Ka ga ruwan nan?"

"Zai ɗauke. Ki kwantar da hankalinki, yau ranarki ce."

A falo wata gwaggonsa tana ɗaga kaya tana faɗar sunansu, ana guɗa sama da ƙarar kwano. Ni idona na kan magudanar tsakar gidanmu, wadda take kai ruwanmu kududdufi. Uku da minti arba'in da biyar, ruwan ya daina fita. Ya tsaya yana juyi. Sai na ga ya fara dawowa ciki, baƙi, da guntun leda.

"Ifunanya, wa ke wajen Papa?"

"Barci yake. Mama ta ba shi abinci ta ja masa ƙofa. Monica maƙwabciyarmu za ta dinga leƙa shi. Lafiya?"

Na zabura na miƙe. Na banka labule na faɗa falo, kaina ba ɗankwali, a gaban surukai.

"Mama, ku tashi! Kududdufi ya cika! Ruwa zai shiga ɗakin Papa, minti arba'in ne, saura sha biyar!"

Duk suka juyo kaina. Gwaggon nan ta tsaya da leshi a sama. Umma ta ce "Raudha!" da muryar da ban taɓa ji ba. Ban tsaya ba. Na fizgi hannun Ifunanya muka fita cikin ruwan, Mama Agnes na biye da mu tana kiran sunan Yesu, gwaggwaronta ya faɗi a soro.

Titi ya zama kogi. A-daidaita-sahu sun mutu a tsakiya, masu su na turawa. Takalmina ya tafi tun a kwanar farko. Muka tsallaka muna riƙe da juna, ruwa na dukan gwiwa, Mama ta rage a baya. Da muka karya kwanar layinsu ruwan ya kai mana ƙugu. Mata na ihu a kan katanga, ana miƙa yara ta taga. A saman ruwan kuwa, jama'a, kainuwa ce take yawo, kore shar, tana shiga gidajen mutane. Na san ta. Ita nake gani ta tagar ɗakina tun ina yarinya.

Matakala ukun babu su. Ƙofar ɗakin rabinta a ruwa, maza uku na dukanta da kafaɗa. Monica na gefe tana kuka da ɗora hannu a ka, ta je ɗauko 'ya'yanta daga gidan 'yar'uwarta ruwa ya tare ta. Da ƙofar ta ɓalle Ifunanya ta kutsa, na bi ta. Katifar ta taso ta karkace. Papa ya ja jikinsa da hannu ɗaya har gindin keken ɗinki, ya kama ƙafar ƙarfen yana neman ɗagowa. A haka muka same shi. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

A kan ƙyauren da aka ɓalle aka ɗauke shi zuwa titi. A asibiti likita bai daɗe a kansa ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ihun da Mama Agnes ta yi a barandar asibitin yana cikin kunnena har yanzu da nake rubutun nan.

Kafin magariba saƙon Abdurra'uf ya shigo: "Na ji abin da ya faru. Ƙaddara ce. Kada ki yi magana da kowa sai mun haɗu." Ya kira sau goma sha ɗaya tun daga lokacin. Ban ɗauka ba. Akwatunan suna falo an rufe su da zani, ba wanda ya sake taɓa su.

Abba ya ji ihun da na yi a falo daga ɗakinsa. Bai tambaye ni komai ba. Lahadi da hantsi ya cire gorar da take tokare igiyar shanya, ya fita. Na bi shi da ido ta taga. Mutum mai shekara saba'in, ya naɗe wando a gaban 'yan unguwa, ya taka taɓo ya shiga Kududdufin Gwaggo, ana ta "Malam, Malam" bai waiwayo ba. Ya je tsakiya ya caka gorar. Ya daɗe a tsaye.

Ya dawo jiƙe sharkaf, ya jingina gorar a bangon tsakar gida. Alamar ruwan ko rabinta ba ta kai ba. Ya kira ni, na durƙusa, Umma na tsaye a ƙofar kicin.

"Abin da kika zo faɗa min ke nan ranar fura?"

"E, Abba."

"Me ya hana ki?"

"Kunyarka na ji. Na ji tsoron a ce ka yi..."

"Shekara talatin da ɗaya ina jan jan biro a littafin 'ya'yan mutane," ya ce. "Ni ne ba za a gyara wa kuskure ba? Da kin ƙaryata ni a ƙofar masallaci, Raudha. Da kin ƙaryata ni sau ɗari."

Ran nan ya fara kiran sunana. Ya shiga ya sauya kaya, da aka idar da azahar ya miƙe a inda ya tsaya wancan karon, ya gaya wa jama'a cewa awonsa ya tsufa kuma an rasa rai a kansa. Sunana bai fito daga bakinsa ba. Nasa kason ya ɗauka, ya bar min nawa.

Jiya Litinin na je gaisuwa. Suna gidan ɗan'uwan Papa, ana shirin kai gawa garinsu a Kudu. Na so Mama Agnes ta mare ni. Tana ganina ta jawo ni jikinta, ta riƙe ni ƙam tana gaya wa matan cocinsu:

"Wannan ce. Ta bar kayan aurenta ta fito ba takalmi. Mu da muke nasa ba mu tuna ba, ita ta fara tuna shi. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Suka dinga shafa kaina suna sa min albarka. Ifunanya na zaune a kusurwa, idonta ya kumbura. Kallona kawai take. Aji ɗaya muka zauna da ita shekara huɗu, ta san ba a duban hadari ta taga a ce minti arba'in.

Yau da safe, ina zaune ina kallon gorar Abba da har yanzu take jingine a bango, saƙonta ya shigo.

"Raudha, lissafi kika yi. Na sani. Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki yi min ƙarya. Ranar da kika zo Mama na suya, kika ce a mai da shi kan gado, kin riga kin sani?"

Na rubuta cewa Umma ta hana ni, na goge. Na rubuta cewa Abdurra'uf ya ce mako huɗu, na goge. Ba su ne suka tsaya a kan Papa suna auna hancinsa da ido ba.

Na rubuta: "E. Kwana tara na yi da sani kafin ruwan."

Na tura. Alamar ta koma shuɗi nan take, ta karanta. A saman allon na ga tana rubutu, ta daina, ta sake farawa. Sai hotonta ya ɓace daga wayata.